Na Ɓoye Asirina a Kwamfutar Wurno

Masu karatu, ku gyara zama, wanda kuma ya san zai yi mini dariya ya taimaka ya yi ta a zuci. A waya nake rubuto muku yau da babban yatsa, ina zaune kan buhun gero a ɗakin ajiya, domin ni da laftof ɗina mun yi hannun riga tun bayan la'asar. Ko kallon inda take ba na iya yi sai da hijabi.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu: sunana Mashkura, ɗiyar Malam Sale ta nan Goronyo, shekarata ashirin da huɗu, ina da difloma da kuma baki. Aikina shigar da bayanan manoma ne a wata ƙungiyar masu noman albasa da ofishinta ke Wurno. Suna, ƙauye, girman fili, irin da mutum yake so, sai hotonsa. Manhajar da ake aikin da ita tana cikin wata tsohuwar kwamfutar tebur a ofishin. Ɗan kwangilar da ya saka ta ya yi layar zana shekara shida da suka wuce, babu wanda ya san yadda za a kwafe ta, shi kuwa shugaban ƙungiya, Alhaji Iliyasu, tsohon malamin gona, ya rantse kwamfutar nan ba za ta tsallake ƙofa ba yana raye. Babana shi ma ya ce ɗiyarsa ba za ta riƙa hawa hanyar Wurno kullum ba, hanyar da ba kullum take da daɗi ba. Tsoho ya kafe, tsoho ya kafe.

Wanda ya raba gardamar shi ne ɗan Alhajin, Shafi'u. Injiniya nake ce masa. Sau ɗaya tak na taɓa ganinsa ido da ido, ranar da ya zo ya saka mini manhajar da suke kira rimot: dogo, siriri, yadi ruwan toka, hula ta ɗan karkace, idonsa a kan kibod tun daga sallama har sai an jima. Ni kuwa na sha atamfa mai ruwan goro da mayafin da na aro, na fesa turaren da nake ɓoyo tun bikin ƙawata Salima. Kibod aka kalla.

Daga baya a waya ya yi mini bayani, kuma ina roƙonku ku riƙe wannan bayanin, tunda ni mai shi ban riƙe ba.

"Malama Mashkura, wagga laftof taki ba ta aikin komi, taga ta kawai. In kin taɓa harahi, shi tashi Goronyo, shi hau ƙarhen sabis, shi yi kewayenai har inda Allah yak kai shi, sannan shi sauka Wurno. Kwamfutar nan ita ka rubutawa. In ta rubuta, sai ta ɗauki hoton huskarta ta aiko miki. Abin da kika gani dut hoto na. Komi nan Wurno shike. Kin gane?"

"Na gane, Injiniya."

Ban gane komai ba. Muryar nake saurare.

Watan farko matsalolin na Allah da Annabi ne. In matsa linzamin kwamfuta, kibiyar da ke kan allo ta tsaya tana tunani. In rubuta sunan manomi, sai na kai ƙauyensu sannan sunan ya fara bayyana. Hoton mutum ya sauko guntu-guntu, hula yanzu, gemu bayan minti ɗaya. Sai in kira Injiniya, shi kuma bai taɓa ƙosawa ba.

"Dubi ƙuryar sama, akwai 'yar lamba. Nawa ta?"

"Ɗari takwas da arba'in."

"Assha. Wagga lamba ita ka gaya miki tsawon lokacin da saƙo ka ɗauka shi zo Wurno shi koma. In tana ƙasa da ɗari, lahiya lau. In ta haura ɗari ukku, kina taɓawa kina jira. In ta kai dubu, tahi ki sha ruwa ki dawo."

Ya ce ciwon irin wannan haɗi wuri uku yake ɓuya: ko a wajena, ko a kan hanya, ko a wajensu. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Na farko, 'yar na'urar intanet ɗina tana ƙuryar ɗaki ƙarƙashin rufin kwano, sabis ba ya isa gare ta. Na zura ta a safar Baba na rataye a reshen dogonyaron tsakar gida, lamba ta faɗo ɗari biyu. Na biyu, ni da iyayina na shimfiɗa hoton madatsar ruwan Goronyo a bangon kwamfutar Wurno don ado. Ya ce duk motsin da na yi sai an sake aiko mini da ruwan nan da sararin sama, kamar a tura kogi ta 'yar kwatar gona. Muka cire, ya rage launuka, fuskokin manoma suka koma kamar an wanke su da toka, amma aiki ya yi gudu. Na uku a wajensu ne: kwamfutar tana zafi tana nishi, da ya buɗe ta sai ya tarar da ɓawon albasa ya toshe fanka.

Shi ke nan, komai ya gyaru. Lamba ta zauna a saba'in, kibiya tana bin hannuna kamar 'yar akuya. Aka yi kwana goma sha ɗaya wayata ba ta yi ƙara da sunan Injiniya ba. Na rame, wallahi na rame, har zoben azurfata ya fara juyawa a yatsa.

A nan Gwaggo Kyauta ta shigo labarin. Ƙanwar Baba ce, a gidanmu take zaune, tsohuwa mai hannu baka hannu ƙwarya, ta yi yaƙi da jahilci ta ci riba, domin babu takarda ko waya a gidan nan da ba ta karanta ba. Abu biyu take so a duniya: finafinan Indiya na fassara, da Haliru. Haliru dillalin albasa ne mai manyan motoci biyu da ke zuwa kudu. Ba zan zalunce shi ba, mutumin kirki ne, yana salla a kan lokaci, yana gaida tsofaffi. Amma sau uku ya zo zance, sau uku na koma ɗaki na san halin da kasuwar albasa ke ciki daga nan har Ikko, ban san launin da yake so ba.

Ranar kwana na goma sha biyu na ɗauki wayar Gwaggo na saka mata lambar sirrin intanet ɗina da hannuna.

"Gwaggo, ki sha kallo. Amma da hantsi ya hi daɗi, lokacin sabis ka da ƙarhi."

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Ashe kina da hali."

Tana danna fim, lamba ta tashi daga saba'in ta daki dubu da ɗari biyu. Na shafa hoda, na gyara ɗaurin ɗankwali, na rangaɗa kwalli saboda mutumin da ba zai gan ni ba, sannan na tura saƙo.

*Injiniya, ta sake.*

*Subhanallahi. Lamba nawa?*

*Dubu da wani abu.*

*Bari in kira.*

Jama'a, wata uku muka yi a haka. Mun sake tayar da na'ura ya fi sau hamsin. Mun canza reshe a dogonyaro har Baba ya daina neman safarsa. A tsakanin "kashe ki kunna" da "jira ta hau" na san cewa ba ya cin yaji, yana tsoron tsaka, kuma mahaifiyarsa ta rasu yana aji uku. Shi ma ya san ina son fura mai tsami da kuma cewa na taɓa faɗuwa lissafi sau biyu. Sai dai ko sau ɗaya bai taɓa cewa abin da nake jira ba. Da hira ta fara ɗumi sai ya yi gyaran murya ya ce, "To yanzu lamba nawa?"

Abin ya cika mini ciki, ga shi ba ni da wurin zubarwa. Littafi, Gwaggo za ta karanta. Waya, Gwaggo za ta karanta. Laftof ma ta iya buɗe ta, na taɓa kama ta tana duba hotunana da tabarau. Sai shaiɗan ya raɗa mini wata dabara wadda a lokacin na ɗauka ilhama ce: in ɓoye sirrina a kwamfutar Wurno. In na rufe taga, babu komai a laftof ɗina, ko Gwaggo ta zazzage ta. Allon ofishin kuma kullum a kashe yake, an lulluɓe shi da tsohuwar darduma, don Alhaji ya ce yana shan wutar sola. Na buɗe fayil na sa masa suna *Manoman Rara na biyu*, sunan da ko mai neman barci ba zai buɗe ba. A nan nake juye komai.

Ranar Lahadi Baba ya kira ni bayan sallar azahar, yana zaune kan buzunsa yana jan carbi.

"Mashkura, ni ba ni yi miki dole, kin sani. Manyan Haliru sun nemi zakuwa ranaj Jumma'a. In kina da naki, shi hito kahin nan. In babu, ba ni ruhe ma mutanen kirki ƙohwa don wanda ba shi akwai."

Gwaggo daga bakin murhu ta cafe. "Wanda ba shi akwai hwa! Murya ta kawai cikin waya. Kullum lamba nawa, lamba nawa. Miji na waya ba shi cika ɗaki, ɗiyata."

"Gwaggo, aiki mukai."

"Awo, aiki. Shi yas sa kika sa kwalli."

Kwana biyar ke nan a hannuna. Litinin na sa wa Gwaggo fim mai awa uku, Injiniya ya kira, muka yi minti arba'in, har na ce masa, "Ana ta zancen baƙi gidanmu ranaj Jumma'a." Sai ya ce, "Allah shi kawo su lahiya. Yanzu lamba nawa?" Da wayar ba tawa ba ce da na jefa ta rijiya.

Talata ya zo da sabuwar dabara.

"Yau so nika mu raba gardama. Za ni yaye darduma in kunna allon nan. Ke ki yi ta aiki, ni ina kallo. In nan tana gudu, wajenki tana rarrahe, to laihin hanya na ko naki. In nan ma tana rarrahe, namu na."

Na yi ta shigar da manoman Rabah, shi yana kallo. Ya ce a Wurno harafi yana fita nan take, ni kuwa sai na ƙirga biyar nake ganinsa. Ke nan ciwon yana wajena. Ko ni da ban karanci fannin ba na san tambayar da ke biye: mutum nawa ke kan intanet ɗinki? A daidai lokacin kuwa Gwaggo tana ƙarƙashin dogonyaro, waƙar Indiya tana tashi har maƙwabta. Bai tambaya ba. Cewa ya yi, "Lamarin ga da wuyar gane kai. Gobe ina kasuwar Gandi ɗaukar hotunan manoma, in na dawo mu ci gaba da bincike."

Mun yi sallama. Ni ban tuna da darduma ba, shi ma ashe bai tuna ba.

Yau Laraba. Injiniya yana Gandi, babu wanda zan yi wa kwalliya, don haka na canza lambar sirri na bar Gwaggo tana girgiza waya tana tsine wa masu sabis. Daga ni sai zanin gida da tsohuwar rigar barci mai yagaggen hannu, kaina ba ɗankwali, kitso ya tsufa. Bayan la'asar na buɗe taga, lamba saba'in, na buɗe *Manoman Rara na biyu*, na saki hannu.

Na rubuta cewa ina son Shafi'u, so irin wanda ke hana mutum gane gishirin miya. Na rubuta cewa wata uku ina lalata hanya da gangan da finafinan Gwaggo don in ji muryarsa. Na rubuta cewa saura kwana biyu, kuma in bai buɗe baki ba zan zauna in koyi son albasa har ƙarshen rayuwata, ina kuka ana cewa yajinta ne. Hawaye na gaske nake yi a nan, ba wasa. To amma kun san ni, ba na iya kuka ban haɗa da tsiya ba. Sai na ƙara da cewa ban ga laifinsa ba, gado ya yi, ɗan mutumin da ke buga takarda da yatsa guda kamar kaza na tsintar tsaba, mai gemu kamar saiwar albasa, mai lulluɓe kwamfuta da darduma kamar za ta yi salla.

Ina cikin neman abin da zan ƙara, kibiya ta motsa.

Hannuna yana kan cinyata. Kibiyar ta yi gefe, ta yi ɗan rawa, ta kama shafin ta ja shi sama a hankali, har layin farko na wata uku da suka wuce. Na ce ko wani maɓalli ne ya maƙale. Na buga kibod, na ɗaga linzami na hura masa iska. Shafin ya riƙa saukowa kaɗan-kaɗan, yana tsayawa, yana saukowa. Na fi minti goma ina kallo, na kasa ko rufe tagar, ina gaya wa kaina cewa tsohuwar kwamfuta ce ta fara gigin tsufa. Da aka iso ƙasa, sai harafi ya fito.

S.

Shiru.

A.

Shiru.

L.

Na ce a raina, jinkiri ne, hanya ta sake lalacewa. Na kai ido ƙuryar sama yadda aka koya mini. Saba'in. Hanya garau, ba mai kallon fim, ba ɓawon albasa. Harafi yana isowa Goronyo daidai lokacin da aka buga shi a Wurno. Ke nan jinkirin ba na hanya ba ne, na mai bugawar ne, kuma mutum ɗaya na sani a duniya mai buga manyan haruffa da irin wannan saurin.

*SALAMU ALAIKUM. BA SHAFIU NA BA. YA TAHI GANDI. UBANAI NA. MAI YATSA GUDA.*

Ban san lokacin da na yi tsalle na fizgo hijabin salla na zurma ba, har da juya shi baibai. Na durƙusa a gaban tebur, a gaban laftof, gwiwa biyu a ƙasa, kaina a sunkuye. Na san ba ya ganina, Injiniya ya sha gaya mini hoto daga can yake zuwa, ba daga nan ba. Amma ku gaya mini, wace ɗiya ce za ta zauna kan kujera ba ɗankwali uban wanda take so yana magana?

Haruffan suka ci gaba da zuwa, ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya gama kashe ni sannan na gaba ya iso.

*NA SHIGO IN KASHE ALLO NA ISKE ANA ZAGINA. NA KARANTA TUN DAGA HWARKO. ZANCEN GEMU ZA MU YI SHI WATA RANA.*

Na miƙa hannu daga durƙushe na rubuta: *Alhaji don girman Allah ka yi haƙuri, ƙuruciya ta.*

Kibiya ta zo ta goge abin da na rubuta, harafi-harafi, sannan ya ɗora.

*KE KINA LALATAWA SHI YANA YIN KAMAR BAI GANI BA. RAN NAN INA ZAUNE INA JIN WAKAR INDIYA CIKIN WAYATAI. NA CE MISHI WANI NA SHA MATA INTANET. YAC CE BABA KA BARI ANA BINCIKE. WATA UKKU YANA GYARAN ABIN DA BAI LALACE BA. KU BIYU BABU MAI HANKALI.*

Masu karatu, ashe ya sani. Tun tuni ya sani. Duk "kashe ki kunna" ɗin nan, duk hawa dogonyaro da safar Baba, yana jin waƙar Gwaggo a kunnensa yana tambayata lamba. Na toshe baki da hijabi, ina dariya ina kuka.

*GAYA MA MALAM SALE MUNA TAHE GOBE ALHAMIS BAYAN AZAHAR NI DA KANENA. JUMMAA TA YI NISA. SHI WAWAN BAI SANI BA TUKUNA.*

Kibiya ta tsaya. Na ɗauka an gama, sai ta ƙara layi ɗaya.

*KI MAIDA MA GWAGGONKI LAMBATTA. BA TA DA LAIHI.*

"Awo, ba ni da laihi," aka ce a bayana.

Na waiwaya. Gwaggo Kyauta ce a bakin ƙofa, tabarau a kan hanci, waya a hannu, ta zo ƙorafin sabis ta tarar da abin da ya fi fim. Ta karanta allon daga sama har ƙasa, leɓenta yana motsi. Ta dube ni a durƙushe da hijabi baibai.

"Ke nan wata ukku ni ka riƙe muku fitila ban sani ba? Ɗiyar Sale, ke ba mutum ta ba." Ta juya, zaninta yana shara, tana ƙwala kira tun daga tsakar gida. "Yaya! Yaya, hito ka ji abin da kwamfuta tac ce!"

Shi ne na gudo ɗakin ajiya. Ina jiyo muryarta har yanzu, tana ba Baba labari tana ƙara gishiri, ban kuma ji muryar Baba ba ko sau ɗaya, wanda ban san ko alheri ne ko akasinsa ba. Wa zai je ya ba manyan Haliru haƙuri, da wane baki, ban sani ba. Da wane ido zan gaida mai gemun gobe, ban sani ba.

Ina nan zaune saƙo ya shigo daga Gandi.

*Malama Mashkura, Baba ya kira ni yana ta dariya, wai in baro komi in dawo yanzu. Ban taɓa jin shi haka ba. Ko kwamfuta ta sake? Lamba nawa?*

Karon farko cikin wata uku ba ni da ƙaryar da zan yi masa. Na goge hawaye da gefen hijabi na rubuta:

*Saba'in. Kwamfuta lahiya lau. Kai ad da matsala, Injiniya. Ka nemi babbar riga kahin gobe.*

Ya karanta, na ga alamar. A saman allo an nuna yana rubutu. Ya daina. Ya sake farawa. Ya daina. Sabis ɗina a cike yake, sanda huɗu cif, na duba sau uku. Minti goma sha ɗaya ke nan, har yanzu yana rubutu.